Suna Na Sha Biyu

A watan Fabrairun 1961 aikin ya shigo gidan Pargeter, inda nake gasa ƙarfe tun bayan yaƙi. Ƙaramin gida ne a unguwar maƙeran zinariya ta Birmingham, hawa uku, ma'aikata tara. Ba ma yin zobe ko sarƙa kamar maƙwabtanmu, lambobi muke bugawa: ta gasar ninƙaya, ta masu kiwon tattabaru, ta direban bas da ya shekara ashirin da biyar bai take kowa ba.

Ina ƙasa ina kwashe toka daga tanderu aka ce Madam Pargeter na nemana. Ita ke riƙe da gidan tun da mijinta ya rasu. Da na hau ofis na tarar da Amos Tranter a tsaye, tabaron aikinsa a goshi. Shi ne mai sassaƙa mana hatimi, wato dunƙulen ƙarfen da ake buga lamba da shi. Shekarunsa sittin da takwas a lokacin, kuma duk unguwar ba wanda ya kai shi hannu.

"Rufe ƙofa, Wilf," in ji Madam. "Ku biyu na kira don ku biyu abin ya shafa. A watan Yuni za a rufe ramin kwal na Netherfold. Matan da suka rasa mazajensu a fashewar nan sun haɗa kai, suna son babbar lamba ta tagulla, faɗin tafin hannu, guda ɗari biyu. Fitilar mahaƙa a gaba, sunayen mamata a baya."

Shekara goma kafin nan iska ta kama da wuta a ƙarƙashin Netherfold, mutum goma sha biyu suka mutu. Ɗaya daga ciki Norman Raybould ne, mijin yayata Ivy. Wani kuma Cyril Tranter, ɗan Amos tilo, wanda ya ƙi sana'ar ubansa ya tafi haƙar kwal. Da aka fito da gawar Cyril, an samu kwalin ashana da karan sigari biyu a aljihunsa, abin da doka ta hana a sauka da shi rami. Masu bincike ba su ce shi ya kunna ba, sun dai ce an samu ashana. Mutanen gari suka ƙarasa musu zancen.

Madam ta miƙa wa Amos takardar sunayen. Ya sauko da tabaronsa, ya bi su da ɗan yatsa har ƙasa, ya sake bi.

"Sha ɗaya," ya ce.

"Sha ɗaya suka aiko."

"Ashe ramin ya yi aman ɗaya, ba a gaya mini ba."

"Mista Tranter, ba su san kai ke mana sassaƙa ba, ni kuma ban gaya musu ba. In ba za ka iya ba, ba laifi. Sai in ba masu inji su yanka."

"Inji?" Ya naɗe takardar ya sa a aljihun riga. "Injin da yake yanka fuskar mutum kamar dankalin da ya kwana a ruwa? Ni zan yi."

Madam ta juyo gare ni. "Kai fa?"

Na ce ni nawa wuta da ruwa ne, duk abin da aka kawo mini zan gasa. Haka na faɗa, kuma a lokacin na ɗauka gaskiya na faɗa.

Shekara goma ni da Amos muna shan shayin rana a benci ɗaya, bayan tanderu inda ake jin ɗumi, shi da burodinsa da kitse, ni da nawa da cuku. Mun yi gardama a kan ƙwallo, a kan gwamnati, a kan ko kare na da rai irin na mutum. Ko sau ɗaya ba mu taɓa ambaton Netherfold ba. Na bar makaranta ina shekara goma sha huɗu, ɗan abin da na sani a ɗakin karatu na gari na tsinto shi, kuma littattafan da suka fi jana su ne masu tambayar mene ne daidai, mene ne ba daidai ba. Na karanta su da yawa. Ban taɓa samun wanda ya ce ga yadda za ka zauna da uban wanda ake cewa ya kashe surukinka ba. Mu dai shayi muke sha.

Wata rana, mako uku da fara aikin, yarinyar ofis ta wuce ta ce masa, "Yaya lambar yabon, Baba Tranter?" Da ta ba da baya sai ya yi tsaki.

"Lambar yabo. Ka ji ko? Wa aka yaba? Wace gasa suka ci? Wannan medaliyan ce."

"Duk ba lamba ba ce?" na ce, don in tsokane shi.

"Kai da kake cinye littattafai kamar gara, wannan ba ka sani ba? Daga bakin Faransawa muka ɗauko kalmar, su kuma daga Italiyawa, ba ta nufin komai illa ƙatuwar lamba. Masana suka laƙaba wa irin waɗanda sarakunan Rum suka buga, masu nauyin da ba a sayen burodi da su. Daga nan masu shafen gini suka ara, suka sa wa da'irar da suke yi a silin. Masu saƙa darduma suka ara, suka sa wa zagayen tsakiya. Bara na je bikin 'yar ƙanwata a otal, na duba takardar abinci, sai ga ta. Ka san abin da aka kawo mini? Yankan naman alade, an zuba masa romo."

"Da daɗi?"

"Kamar tafin takalmi." Ya kurɓi shayi. "Kowa ya ja ta inda yake so, har ta zama ba ta kowa ba. Amma a wurin mai wannan sana'a abu ɗaya take nufi. Ba kuɗi ba ce, ba lada ba ce, ba a rataya wa jarumi. Ana buga ta ne don a ce abu kaza ya faru, ga waɗanda ya faru da su. Shi ke nan."

Na ga inda ya dosa. Ya karkaɗe ɓurɓushin burodi daga cinyarsa ya koma sama.

Wanda bai san aikinmu ba, ga yadda yake. Ana sassaƙa hatimi ne tun ƙarfen yana da taushi, da ƙananan kurafu, komai a juye kamar a madubi. Abin da ka yanke a ciki shi zai fito a tsaye a jikin lamba. Don haka za ka iya ƙarawa, amma ba za ka iya mayar da abin da ka cire ba. Idan an gama, sai a danna hatimin a kan dalma a nuna wa masu aiki. Idan sun yarda, sai a kawo mini in gasa shi ya yi taurin da zai daki tagulla. Daga nan ba kurfin da zai ƙara kama shi, ko ɗigo ɗaya.

Wata biyu da rabi Amos ya yi a kan hatiman biyu. Idonsa ya riga ya soma gazawa, kowa ya sani, ba mai faɗa. Yakan yi aiki ne kawai daga ƙarfe goma zuwa biyu, lokacin da haske ke faɗowa ta tagarsa. A ƙarshen Afrilu mata huɗu suka zo duba dalmar, har da Ivy, don ita ce sakatariyarsu. Madam ta sa Amos ya zauna a sama. Na leƙo daga bakin matakala na ga suna miƙa wa juna faifan dalmar. Wata ta fashe da kuka da ta ga fitilar, ta ce kamar a ɗauka a kunna. Ivy ta karanta sunayen a fili, bi da bi bisa jerin haruffa, daga Attwood har Southall.

"Can ƙasa ya bar fili," ta ce.

"Ya ce ido na bukatar wurin hutawa," in ji Madam.

Suka sa hannu suka tafi.

Na gasa hatimin gaba, mai fitila, ranar Laraba, ya fito lafiya. Na baya sai ranar Juma'a da yamma ya iso, kuma Amos ne ya sauko da shi da kansa, abin da bai saba ba. Ya ajiye shi a kan bencina fuska a sama, ya janye ƙyallen da ya rufe shi. Duk mai aikinmu yana karanta rubutu a juye kamar yadda wasu ke karanta jarida. Ban ko sunkuya ba na gani. A ƙarƙashin Southall, inda aka bar fili, akwai Cyril Tranter. Girman harafi ɗaya da sauran, zurfi ɗaya, ba ƙari ba ragi.

"Ban ɓoye ba," ya ce. "Da na so, da na cusa shi cikin ganyen gefe inda sai da gilashi za a gani. Wurinsa ne. Bayan S sai T, ba ni na tsara haruffa ba."

"Ba abin da suka sa wa hannu ke nan ba, Mista Tranter."

"Ba shi ba ne."

"Madam ta sani?"

"In ka gaya mata za ta sani."

"Kankare shi fa ba zai yiwu ba. Zai bar ƙulu a jikin kowace lamba."

"Ni za ka koya wa?"

Na ce masa ko an buga, matan za su gani ranar da aka buɗe akwatin farko, su ƙi karɓa. Ya ce watakila. Ya ce watakila kuma wata a cikinsu ta duba ta yi shiru, ta sa a jaka. Ko ɗaya ce ta shiga gidan wani da sunan a jiki, ya ishe shi.

"Ba cewa na yi bai yi ba, Wilf. Ban sani ba. Yaron nan tun yana shekara goma nake kama shi da sigari a bayan gida. Ban rubuta mai gaskiya ba, ban rubuta jarumi ba. Sunansa na rubuta. Ya sauka da su, ya mutu da su."

"Mijin Ivy na ciki."

"Na sani. Shi ya sa na kawo maka da hannuna."

Wuta ta riga ta mutu ranar, sai Litinin. Na rufe hatimin na sa a kabad.

Ranar Lahadi na hau bas zuwa Netherfold, kamar yadda nake yi sau ɗaya a wata. Ivy ce ta raine ni bayan mutuwar mahaifiyarmu, ta girme ni da shekara tara, har na yi furfura tana duba ko na wanke bayan kunnena. Na same ta a kicin tana feraye dankali, yaran sun tafi wasan ƙwallo.

"Ga Wilf namu, da fuskarsa ta masu jana'iza. Wa ya mutu kuma a littafi? Zauna, ɗauki wuƙa, ba a cin na banza a nan."

Na zauna na ɗauki wuƙa. Sai da na feraye uku na ce, "Yaya, da a ce za a sa sunan yaron Tranter a lambar nan fa?"

"Yaro? Ƙato mai shekara ashirin da bakwai, da gashin baki? Yaro a gidan ubansa."

"To, ɗan Tranter."

"Mun zauna a kai, mun jefa ƙuri'a. An gama."

"Ba wanda ya ga ya kunna."

"Ba wanda ya rage da zai gani." Ta jefa dankali a tukunya, ruwa ya fantsamo. Ta dube ni sosai. "Tsaya. Tsohon nan ba a gidanku yake aiki ba? Shi ya yanka, ko? Filin nan na ƙasa. Wai ido na bukatar hutawa. Lallai an mai da mu jakuna."

"Ya sa, Yaya. Ranar Juma'a na gani."

"Kuma yanzu a hannunka yake."

Ta ajiye wuƙa ta goge hannu a jikin zanen gabanta, ta daɗe tana gogewa bayan ya bushe.

"Kai ba ka taɓa sauka rami ba, ba ka san komai ba," ta ce. "Ka ɗauka shi kaɗai ke shiga da taba? Masu lalube a bakin rami aljihu suke taɓawa. Wa ke buɗe cikin burodi? Wa ke duba rufin hula? Rabinsu na shiga da ita, kowace mace a layin nan ta sani." Ta kalli kan murhu, inda hoton Norman yake. "Nan yake ajiye gwangwanin tabarsa. Da safiyar ranar, bayan ya fita, na zo share wurin, ba ya nan. Na ce zai sha faɗa in ya dawo."

"Amma ba a samu komai a jikinsa ba."

"Ba a samu aljihu a jikinsa ba, Wilf. Da zoben aure na gane shi."

Na ce, "To ashe..."

"To ashe me? Ƙarasa mana, mai ilimi. Shekara goma ban gaya wa ko limamin coci ba. 'Ya'yana sun tashi sun san kashe ubansu aka yi, sun san sunan wanda ya yi. Da wannan na tashe su, da wannan nake samun barci. In ka jera sunan nan a layi ɗaya da na Norman, ka ce duk ɗaya suke. Watakila ma ɗaya suke. Sai a miƙo mini a akwati in riƙe a tafin hannuna, a gaban mutane, ana busa ƙaho? Ba zan iya ba." Muryarta ba ta tashi ba ko kaɗan. "Ba ni da komai, ka gani da idonka. Ka bar mini Cyril Tranter."

Ta ɗauki wuƙarta. "Kana cire rabin dankalin tare da ɓawo, kamar kullum. Kawo nan."

A bas na dawowa na jera abin a kaina kamar yadda littattafan suke yi. In na gaya wa Madam, za a kori tsohon da kunya a ƙarshen rayuwarsa, unguwa duka ta ji ya ci amanar masu aiki. In na gasa shi lafiya, gaskiya ta shiga tagulla, kuma gaskiyar ta fi yadda Amos ma ya sani, amma yayata ce za ta ɗauki nauyinta. Na ga akwai hanya ta uku, wadda ba wanda zai ji kunya a cikinta. Tun a lokacin ya kamata in yi shakkarta, don ta yi sauƙi da yawa.

Ana gasa hatimi ne a cikin tukunyar ƙarfe, a binne shi a garin gawayin ƙashi don kada wuta ta ci fuskarsa. Idan ya yi ja kamar garwashi, sai ka kama shi da awartaki ka tsoma a ruwan gishiri, fuska a ƙasa, a miƙe, a tashi ɗaya. In ya shiga a karkace, gefe ɗaya zai tsuke kafin ɗayan, sai ya tsage. Ko ka yi komai daidai ma, ɗaya cikin ashirin yakan tsage don kansa, saboda wani aibi da ke ɓoye a cikin ƙarfen. Shi ya sa ba a zargin mai gashi. Shi ya sa kuma masu sassaƙa ba sa tsayawa kallo. Al'ada ce a unguwar: in za a tsoma hatiminka, sai ka ɗauki hularka ka fita yawo.

Ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Litinin Amos ya leƙo, ya ga tukunya a wuta. Bai tambaye ni komai ba. Ya ga ban je wurin Madam ba, ya ɗauki wannan a matsayin amsa.

"Zan je sayen taba," ya ce. "In kawo maka alewar nan taka ta tsofaffi?"

"Kawo."

Na ji takunsa a matakala, na ji ƙofar titi. Na fito da tukunyar, na kife ta, na kama hatimin. Ja ɗinsa daidai yake, ban taɓa samun wanda ya fi shi ba. Na tsaya a kan randar ruwan. Ba zan ce hannuna ya yi rawa ba, don bai yi ba. Na karkata awartakin kaɗan, kamar faɗin yatsa biyu, na sauke shi a hankali.

Ruwan ya yi kuwwa, tururi ya rufe mini fuska. A ƙarƙashin wannan duka na ji ƙarar, ƙas, 'yar ƙarama, kamar kofin shayi da aka zuba wa tafasasshen ruwa.

Da Amos ya dawo na riga na wanke shi na ajiye a benci. Tsagar ta taso daga gefen hagu ta ratsa sunaye biyar. Ya ajiye ƙunshin alewar, ya sauko da tabaronsa, ya bi tsagar da farce tun daga inda ta fara. Ya juya hatimin ya duba launin gefensa. Ya daɗe.

"Ta nan ya fara shan ruwa," ya ce a hankali. Bai dube ni ba.

Madam ta sauko, don labarin tsagewa ba ya jiran a kai shi. Ta sunkuya a kan hatimin. Ita ma shekara talatin tana karanta rubutu a juye. Na ga leɓɓanta suna motsi tana ƙirgawa. Ta kai ƙasa, ta ɗago, ta kalli Amos, ta kalle ni.

"Ƙarfen ne, Madam," in ji Amos. "Ƙarfen zamanin nan ba abin yarda ba ne."

"Ƙarfen ne," ta ce. Ta ja ƙyalle ta rufe shi.

Saura mako shida a rufe ramin. Ko da idon Amos na da, ba zai sassaƙa wani a mako shida ba, balle idonsa na yanzu. Aka ɗauki dalmar da matan suka sa wa hannu aka kai wa masu inji, suka yanko sabo a kwana tara. Sunaye goma sha ɗaya, haruffa a tsaye cif kamar sojoji, fili a ƙasa. Na gasa shi, ya fito lafiya lau.

Amos ya ce wa Madam zai ajiye aiki a ƙarshen wata. A makonnin da suka rage ya ci gaba da saukowa shan shayi a bencinmu, muka yi ta maganar ƙwallo. Da ya daina zuwa da ya fi mini. Ranar tafiyarsa ya raba kurafunsa ga masu so, ya roƙi Madam tsagaggen hatimin, ta ba shi. Nauyinsa ya fi ƙarfin hannunsa, sai ya ce in rakiya shi da shi tashar bas.

Muka gangara titi, ni rungume da ƙarfen a cikin tsohuwar jarida. Ana yayyafi. Sai da muka tsaya a layi ya yi magana.

"Shekara goma sha shida kana tsoma mini ƙarfe. Ko da ka zo da mura, ko da ka zo da giyar jiya a kai, ba ka taɓa karkatawa ba."

"Mista Tranter..."

"Bar shi. 'Yar'uwarka ce, na sani. Amma da ka faɗa mini a fuska ranar Juma'ar nan."

"Da na faɗa, me za ka yi?"

"Da na zage ka, in tafi gida da haushinka. Haushi abu ne mai sauƙin ɗauka. Yanzu ka bar ni da tausayinka, ni kuwa na tsufa da irin wannan kaya."

Na so in gaya masa maganar gwangwanin Norman. Ita kaɗai ce abin da nake da shi da zai yi masa amfani, ta fi masa lamba ɗari biyu. Amma ba tawa ba ce. Bas ta zo, na ɗora masa ƙarfen a cinya, kwandasta ya ce in ba tafiya zan yi ba in sauka. Na sauka.

An rufe Netherfold ranar Asabar ta uku a watan Yuni. Aka kafa rumfa a filin bakin ramin, masu ƙaho suka yi busa, wani daga hukumar kwal ya yi dogon jawabi. Sannan aka ce a cire huluna, Ivy ta hau ta karanta sunayen. Ina tsaye a baya, kusa da shinge, shi ya sa na hango Amos. Yana can tsallaken titi a gaban shagon mai gyaran keke, cikin baƙar kwat, hularsa a ƙirji. Da Ivy ta ce Southall ta naɗe takarda, maza suka mayar da hulunansu, ƙaho ya tashi. Shi bai mayar ba. Ya ƙara tsayawa kamar tsawon suna ɗaya, sannan ya sa hularsa, ya juya ya bi hanyar tasha.

Bayan an raba akwatunan na raka Ivy gida. Ta buɗe nata muna tafe, ta juya lambar, ta shafa ƙasanta da babban yatsa, ta rufe.

"Tsohon nan na tsallaken titi, shi ne?"

"Shi ne."

"Na gan shi daga sama. Ya rame." Muka wuce gida uku. "An ce hatimin farko tsagewa ya yi."

"Haka ne."

"Da kansa?"

Ta tsaya a bakin ƙofarta, iska na kaɗa mata ɗankwali.

"Ban ce ka fasa masa ba, Wilf."

"Na sani, Yaya."

"Magana kawai na yi. Mutum ba zai yi magana a kicin ɗinsa ba?" Ta miƙo mini akwatin. "Riƙe mini in ɗaura wannan abin."

Na riƙe. Ta ɗaura ɗankwalin, ta lalubo mabuɗi a jaka, ta buɗe ƙofa ta shiga ɗora ruwan shayi. Ta rayu shekara goma sha tara bayan wannan, ina zuwa mata kowane wata, ba ta taɓa cewa in mayar mata da akwatin ba.